Webley & Scott 700: tsohuwar bindiga mai baki biyu a hannun maharbin zabo

A cikin tsofaffin bindigogi masu baki biyu da ake gado a gidajen Kaduna da Zariya, Webley & Scott 700 na daga cikin waɗanda suka cancanci kuɗinsu. A Birmingham ta ƙasar Ingila aka ƙera ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, bisa tsarin Anson da Deeley na 1875, wanda ya tattara kayan cikin bindiga a akwatin ƙarfe ɗaya. Kayan ba su da yawa, shi ya sa ba ta cika lalacewa ba.

Mai lamba 12, wato ma'aunin faɗin bututu, nauyinta wajen kilo 3 ne, sau da yawa da bututu inci 28. Wanda zai yini yana ratsa gonakin dawa bayan girbi yana bin zabo da fakara zai yaba da wannan rashin nauyi. Kunama biyu gare ta: ta gaba na tayar da bakin dama, mai baza ƙwayoyin dalma don tsuntsun da ya tashi kusa, ta baya na tayar da na hagu, mai matsattsen baki, don wanda ya yi nisa. Idan aka buɗe ta don sake ɗurawa, da kanta take tofar da kwanson da aka harba. Baikal ta Rasha ta fi ta araha da jure wahala, amma ba ta kai ta daɗin ɗagawa zuwa kafaɗa ba.

Inda masu saye ke faɗawa rami shi ne tsawon mazaunin harsashi. Wasu inci 2½ ne, wato wajen milimita 65, alhali harsashin da ya fi yawa yanzu na milimita 70 ne. Zai shiga lafiya lau, domin bakinsa a naɗe yake, amma idan ya tashi sai naɗin ya buɗe inda bututu ya fara tsukewa, ƙarfin fashewar ya ƙaru. A cire bututun a duba ƙasansa, tsawon na nan a buge. Tambarin BNP mai kambi na nuna an gwada ta a Birmingham da albarushin zamani. Harsashi mai ƙwayoyin ƙarfe kuwa kada a kusanto da shi. Dalma aka yi ta domin ta, ƙwayoyi masu girman lamba 4 ko 5 don zabo, 6 ko 7 don kurciya da hasbiya.

Kafin a yi ciniki, a cire mariƙin katako na gaba, a riƙe gindin a girgiza. In an ji motsi tsakanin bututu da akwati, ƙusar da take juyawa a kai ta cinye, gyaran kuma sai ƙwararre. A rataye bututun a yatsa a ƙwanƙwasa: mai lafiya zai yi ƙara mai tsawo, wanda liƙin da ya haɗa bakunan biyu ya saki kuwa ƙarar a dushe take fita. A leƙa ciki ta fuskar haske don ganin ramukan tsatsa ko kumburi. Mai kumburi a bar ta, ko nawa aka rage.

Yanayinmu ma na cin ta. Damina na kawo tsatsa, hunturu na busar da katakon har ya tsage daidai inda ya haɗu da ƙarfe. A riƙa shafa wa ƙarfen mai kaɗan, a jingine ta baki ƙasa don kada man ya gangara ya ruɓar da katakon.

Sai takarda. Dokar makamai ta 1959 ta sa lasisin irin wannan bindiga a hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, kuma lasisin mahaifi ba ya bin bindiga zuwa hannun magaji. A tabbata lambar jikinta ta yi daidai da ta takarda, a kuma tuna farauta haramun ce a gandun dajin Kamuku da ke Birnin Gwari.