Gwajin DMA a kan allon kaladin: yadda ta kaya mana a Dammam

Sana'armu a Dammam ta ƙasar Saudiyya ita ce lulluɓe fuskar gine-gine da allon kaladin. Kaurinsa milimita 4 ne, fallen alminiyam sama da ƙasa, kowanne wajen rabin milimita, sai robar foliyetilin a tsakiya. Da zafin Yuli ya kankama, allunan da ke kallon yamma suka fara kumbura, Injiniya ya ce a kai samfuri ɗakin gwaji mai na'urar DMA, wadda ke auna yadda taurin abu ke canzawa in zafi ya ƙaru.

Na'urar ba ta karya abu. Ana ɗora siririn yanki a kan madogara biyu, ta riƙa danna tsakiyarsa a hankali tana saki, sau ɗaya a daƙiƙa, tana ƙara zafi digiri 3 duk minti. Da haka take auna ƙarfin da abu ke mayarwa in an sake shi, da wanda yake shanyewa ya koma zafi. In aka raba na biyun da na farkon, shi ne tan delta.

Wanda ya yi mana aikin Bahaushe ne haifaffen Makka, kuma ya san hannunsa. Yana juya yankin ya ce, "Malam, ƙarfen nan zai rufe maka robar." Gaskiyarsa ce, don taurin alminiyam wajen gigafaskal 70 ne a ma'aunin tauri, na wannan roba kuwa bai kai 1 ba. Da ya gwada allon ɗungurungum, layin da ke kan kwamfuta da ƙyar ya motsa. Sai ya ɓare fallayen biyu ya sa robar ita kaɗai, nan muka ga tana saki tun zafi bai kai digiri 60 ba, alhali bangon da rana ta daka da la'asar hannu ba ya iya tsayawa a kansa. Wannan gwaji na biyu shi ya fanshi kuɗinmu.

Inda ban ji daɗi ba shi ne rahoton. Ya makara, ga shi zane-zane zalla da Turanci, babu layi ɗaya na bayani ga mai aiki a kan gini. Yankan samfuri ma mu aka bar wa, kuma in gefen bai fita sumul ba sai an sake.

Na'urar ba za ta faɗa maka ƙarfin gam ɗin da ya haɗa ƙarfe da roba ba, balle yadda allon zai yi in gobara ta tashi. Waɗannan gwajinsu daban, kuma na gam ɗin muke shirin kaiwa yanzu.