Kallon ƙwallo a Amurka: rigimar masu tasha da masu kebul, da abin da ke biyo bayan yanke waya

'Yan uwa na gida, musamman masu shirin tahowa Amurka, akwai abin da ya kamata ku sani tun kafin ku sauka: hanyar da kuka saba kallon ƙwallo da ita babu irinta a nan. A Kano ko Kaduna mutum ya kafa dish, ya haɗa dikoda, ya biya kuɗin wata, SuperSport ta kawo masa Firimiya da La Liga da Gasar Zakarun Turai a wuri ɗaya. Wanda bai da hali ya nufi gidan kallo ya biya 'yan canji ya zauna a benci. A nan kowace gasa da maigidanta, kuma ko ka biya kuɗinka cif, tana yiwuwa ka kunna talabijin ranar babban wasa ka tarar da rubutun ban haƙuri a maimakon fili.

Tushen abin shi ne mai tasha daban, mai kai ta gidaje daban. Disney ke da tashar wasanni ta ESPN da tashar ABC. Masu kai wa gidaje kuwa su ne irin Spectrum da Xfinity ta wayar kebul, da DirecTV ta tauraron ɗan adam, da YouTube TV ta intanet. Mai kaiwa yana biyan mai tasha kuɗi kowane wata a kan kowane gida da ke cikin rajistarsa, ko gidan na kallon tashar ko ba ya kallo. ESPN ce ta fi kowa tsada: masu bin kasuwar sun ƙiyasta kuɗinta ya haura dala 9 a wata kan kowane gida. Tsohuwar da ba ta taɓa kallon wasa ba ita ma tana biyan wannan a cikin kuɗin kebul ɗinta. Tun dokar kebul ta 1992, hatta tashoshin gari da ake kamawa kyauta da eriya suna da damar neman a biya su kafin a saka su a kebul.

Yarjejeniyar takan yi 'yan shekaru. Idan wa'adinta ya cika ba a daidaita kan sabon farashi ba, sai a ɗauke tashar nan take. Kuma masu tasha sun san lokacin da ya fi yi wa mutane ciwo, shi ya sa wa'adin kan faɗo a bakin kakar ƙwallon Amurka, irin wadda ake runguma a gudu da ita. Ranar 31 ga Agusta 2023 tashoshin Disney suka ɓace wa gidaje kusan miliyan 15 masu Spectrum, ana tsakiyar gasar tanis ta US Open. Ba su dawo ba sai 11 ga Satumba, awoyi kaɗan kafin wasan daren Litinin na farko na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka. Shekara na zagayowa, ranar 1 ga Satumba 2024, aka maimaita da DirecTV, gidaje kimanin miliyan 11 suka yi kusan mako biyu babu ESPN. Kowane ɓangare sai ya dinga tura wa jama'a saƙo cewa ɗayan ne mai haɗama, a kira shi a yi masa ƙorafi.

Abin da ke ƙara rura wutar, gidajen da ke biyan kebul raguwa suke yi kowace shekara. A 2011 ESPN na shiga gidaje wajen miliyan 100, yanzu ta yi ƙasa da haka sosai. Kuɗin da masu gasa ke karɓa kuma hawa yake: NBC ta amince ta biya kimanin dala biliyan 2.7 don nuna Firimiya na shekara shida, daga 2022 zuwa 2028. Masu biya sun ragu, kaya ya yi tsada, to dole a ƙara wa waɗanda suka rage. Da an ƙara, wasu su ma su fice. Tashoshin wasanni na yanki, masu nuna ƙungiyoyin gari na kwando da sauransu, su suka fi jin jiki. Kamfanin Diamond mai tashoshin Bally Sports ya shiga kotun fatara a Maris 2023, Comcast, mai kebul ɗin Xfinity, kuma ta ɗauke tashoshinsa daga Mayu zuwa Agusta 2024. A Denver, rigimar Comcast da tashar Altitude, mai nuna wasannin Nuggets, ƙungiyar kwando ta garin, ta faro a 2019 ta haura shekara biyar, har Nuggets ta ci kofin NBA a 2023 alhali masu Comcast a garin ba sa samun yawancin wasanninta na kaka a gida. Wannan zalunci ne ga mai biya, ba shi da wani suna.

A gida ba ku cika ganin irin wannan ba saboda MultiChoice ce ke da SuperSport, ita ce kuma ke da DStv da GOtv. Mutum ba ya rigima da aljihunsa. Matsin sai ya fito ta farashi: a Maris 2025 Premium ta tashi daga naira 37,000 zuwa 44,500, Compact ta koma 19,000. Amma kun ɗanɗani rabuwar gasa a zamanin da kamfanin HiTV ya karɓi haƙƙin nuna Firimiya, daga 2007 zuwa 2010, lokacin da masu gidajen kallo da yawa suka koma ajiye dikoda biyu. Haka a Janairu 2024, da SuperSport ta fara cewa ba za ta nuna Kofin Afirka ba don haƙƙin yana hannun New World TV ta Togo, sai dab da farawa aka daidaita. Ku ɗauki wannan fargabar ku mayar da ita abin kowace kaka, kun fahimci zaman nan.

Wannan ne ya sa mutane ke yanke waya, wato su daina biyan kebul su koma kallo ta intanet. Sai dai kada a ruɗe ku cewa an tsira ke nan. YouTube TV, wadda ta fara da dala 35 a 2017, ta kai dala 82.99 a wata tun Janairu 2025, kuma a ƙarshen Oktoba 2025 ita ma ta rasa ESPN da ABC na kusan mako biyu, ta lallashi jama'a da rangwamen dala 20. Kebul ce aka sake wa hanya, rigimar kuma ta biyo ta.

Ga mai son ƙwallon Turai, ga yadda rabon yake. Firimiya ta NBC ce, kuma duk wasanni 380 ana nuna su, abin da ko a Ingila ba a samu, don can an hana nuna wasan ƙarfe uku na ranar Asabar kai tsaye. Amma an kasa su uku: wasu a tashar NBC, wasu a manhajar Peacock, wasu a USA Network. Nan ne sababbin zuwa ke faɗawa rami. Peacock, mai dala 10.99 a wata tun Yuli 2025, tana nuna nata da na NBC, amma ba ta nuna na USA Network kai tsaye, sai dai maimaici daga baya. Ita USA Network sai ta kebul ko wani abu mai kama da kebul, kamar YouTube TV ko Sling Blue mai kusan dala 46. Mai goyon bayan Arsenal ko Manchester United da ya tsaya a Peacock kaɗai zai rasa wasanni da dama a kaka. Gasar Zakarun Turai tana Paramount+, ƙasa da dala 10 a ƙaramin tsari, kuma ita ce mafi sauƙin sha'ani don duk wasannin suna wuri guda. La Liga da Kofin FA suna manhajar ESPN, ƙaramin tsarinta dala 12 zuwa 13, babban kuma da aka buɗe a Agusta 2025 dala 29.99. Kofin Afirka da gasar Faransa suna beIN Sports, wadda Comcast ta cire tun 2018, don haka ta Sling ko Fubo ko Fanatiz ake nemanta. Manhajar DStv kuwa kada ku dogara da ita, an tsara ta ne don ƙasashen da kamfanin ke aiki.

Wanda zai yanke waya ya fara da intanet. Hoto mai kyau na HD yana son aƙalla megabit 5 zuwa 10 a daƙiƙa ga kowace talabijin, 4K kuma 25 ya fi kwanciyar hankali. Layin megabit 100 ya ishi gida mai mutum huɗu ko biyar, ba sai an sayi na gigabit da za a tallata maka ba. Data kuma tana tafiya: wajen gigabait 3 a awa a HD, kusan 7 a 4K, don haka a tambaya ko layin na da iyakar wata. A kuma tambayi nawa intanet zai koma idan an cire talabijin daga haɗin, domin sau da yawa rangwamen na haɗin ne, da an raba sai kuɗin intanet ya tashi. Akwatin kebul da rimot na haya ne; a mayar da su a karɓi rasit a adana, in ba haka ba kuɗinsu zai fito a takardar biya.

Sai na'urar kallo. Talabijin na zamani na zuwa da manhajojin a ciki, amma tsofaffi kan yi nauyi ko su daina karɓar sabuntawa. Ɗan sandan Roku ko Fire TV na dala 30 zuwa 50 da ake sokawa a ramin HDMI yana magance wannan. Idan hoto na tsayawa yana juyawa, yawanci laifin Wi-Fi ne ba na kamfani ba, musamman a gidajen bene inda na maƙwabta ke cin karo da juna. A ja waya daga rauta zuwa talabijin, ko a koma zangon 5GHz idan rautar na kusa.

Abin da na fi ba da shawara a kai shi ne eriya, wadda mutanenmu ke rainawa don tana tuna musu da NTA. Ta dala 20 zuwa 40 da ake mannawa a taga tana kamo NBC da CBS da ABC da Fox da Telemundo kyauta, da hoto tar, kuma babu rigimar kamfanoni da ke taɓa ta. A ɗaura ta a ramin eriya na bayan talabijin, a shiga saiti a sa ta binciko tashoshi, in an matsar da ita a sake binciken. Ginin kankare da zama a ɗakin ƙarƙashin ƙasa da nisa daga turken watsawa su ke hana ta kamawa. Da ita ake ganin wasan Firimiya da NBC ke sakawa, da wasan ƙarshe na Zakarun Turai a CBS, kuma Fox da Telemundo ne ke da haƙƙin Kofin Duniya na 2026.

Kallon intanet yana da nasa cikas. Hoton kan yi jinkirin daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, har ɗan uwa a Zariya ya turo maka murnar ƙwallo a WhatsApp kai ko kwanar ba ka ga an bugo ba. A kashe sanarwar waya lokacin wasa. YouTube TV tana ɗaure asusu da yankin da ka yi rajista, tana son a kunna daga can aƙalla sau ɗaya a wata uku, kuma na'ura uku kawai ke kallo lokaci guda, don haka raba asusu da aboki a wata jiha ba ya ɗorewa. Duk manhajojin suna cire kuɗi da kansu daga kati kowane wata har sai ka dakatar. Akwatunan bayan fage da ake tallatawa da sunan tashoshi dubu a kuɗi kaɗan haramtattu ne, kuma a babban wasa suka fi yankewa, lokacin da kowa ya hau.

In aka yi lissafi, Peacock da Paramount+ da ƙaramar ESPN sun kama wajen dala 33 a wata. Ƙara Sling Blue don USA Network, an kusa 80, ban da intanet da kan ci 50 zuwa 80. Sauƙin da ke ciki ɗaya ne, babu kwantiragi: Paramount+ a biya daga Satumba zuwa Mayu, a rufe Peacock da Sling a Yuni da Yuli, beIN kuma sai watan Kofin Afirka. A kuma shirya wa agogo, domin wasan da Ingila ke takewa 12:30 na rana ƙarfe 7:30 na safe ne a New York, a California kuwa 4:30, kafin kiran assalatu a yawancin watannin kaka.