Ajin Turanci na dare a Birnin Kebbi: abin da na gani

Abokan aiki a tasha sun yi ta tambayata game da ajin Turancin da nake zuwa da dare, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta. Ni direba ne, ina lodin Birnin Kebbi zuwa Sakkwato ta Argungu. Na shiga ajin ne don ina neman aikin tuƙi a ƙungiyoyin agaji, su kuwa ba sa ɗaukar mutum sai ya iya cika takardar tafiya, ya kuma amsa waya da Turanci.

A wata firamare mai zaman kanta ake yi, bayan sallar isha'i. Kuɗin wata-wata ne, kuma bai fi ƙarfin mai sana'a ba. Kusan dukkanmu magidanta ne, akwai teloli, akwai 'yan kabu-kabu, har da wani dattijo mai harkar albasar Aliero. Malamin ya koyar a sakandare har ya yi ritaya. Ba ya sa mu hadda. Kalma ɗaya yake ɗauka ya bi salsalarta, kuma wannan salon ne ya sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba.

Daren da ya ɗauko kalmar drive, ni ya nuna da alli.

"Malam direba, me kake yi wa motarka?"

Na ce, "Tuƙa ta nake, Malam."

Ya ce, "A Turancin farko, kora ta kake."

Sai ya rubuta drifan a allo. Ya ce haka kalmar take a bakin ƙabilun da suka ƙetara daga arewacin Jamus da Denmak zuwa Ingila wajen ƙarni na 5, kuma ma'anarta a tura abu gaba da ƙarfi, a kora dabba ko abokin gaba. Daga nan aka samu drove, garken da ake korawa, da drover, mai kora shanu zuwa kasuwa. Irin waɗannan mutane sun daɗe suna taka sayyada da shanu daga Wales da Sikotilan har kasuwar Smithfield a Landan, sai da jirgin ƙasa ya zo a ƙarni na 19 sana'ar ta mutu. Da aka ɗaura wa doki keke, mai zama a baya yana kora dokin shi aka ce wa driver. Lokacin da Bajamushe Karl Benz ya yi rajistar fasahar motar da ya ƙirƙiro a 1886 doki ya fara fita daga lissafi, amma sunan ya zauna, har ya iso mana a matsayin direba. Jamusawa kuwa, in ji shi, har gobe treiben ɗinsu na kora dabbobi ne, mota wata kalma daban suke mata.

Wannan bayani ya warware mana abin da ya daɗe yana ruɗa mu. Wani ɗan kabu-kabu ya tambaya me ya sa shi ba a ce masa driver. Malam ya ce doki hawansa ake yi, shi ne ride, don haka duk abin da za ka ɗare bisansa ka raba ƙafa, keke ko babur, ride ne. Abin da ka zauna ciki kana sarrafawa, wannan ya gaji keken doki. Tun daga ranar ban ƙara jin wani a ajin ya haɗa su ba. Ya kuma jera drive, drove, driven kusa da ride, rode, ridden da write, wrote, written, ya nuna mana 'yan gida ɗaya ne tun asali, shi ya sa ba sa karɓar ed a ƙarshe.

Sauran ma'anonin sai suka riƙa faɗowa da kansu. Kafinta in ya buga ƙusa cikin katako, tura ta ya yi, drive ne. Sukundireban da ke cikin akwatin kayan aikina tura noti yake yi. Yunwa in ta fitar da mutum daga garinsu, ita ma kora ce. Abin da ya fi burge ni, bai raina harshenmu ba. Ya ce mu duba tuƙi: uwargida na tuƙa tuwo da muciya, Bakabe na tuƙa kwalekwale a gulbin Argungu, ni ina tuƙa mota. Mu ta hannun mai juyawa muka kalli mota, Turawa ta sandar makiyayi.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Ɗakin ba shi da janareto, in aka ɗauke wuta sai fitilar waya, na baya ba sa ganin allo. Bencinan na yara ne, babban mutum sai ya takure. Babbar matsalar ita ce Malam in ya shiga tarihi ba ya son fita, lokaci ya ƙare ba mu buɗe baki mun yi magana ba. Ni da ke son amsa waya, fahimta ta ƙaru sosai, amma harshen bai sake yadda nake so ba. Mun yi masa magana cikin ladabi, ya karɓa, yanzu yana ware ƙarshen darasi mu yi hira biyu-biyu, ko da yake har yanzu bai ishe mu ba.

Wanda ke shirin WAEC ko NECO cikin gaggawa ya nemi wani lesin, nan ba a bitar tsofaffin tambayoyi. Magidancin da ya bar makaranta da daɗewa, yake son ya gane dalilin abu kafin ya riƙe shi, ina ba shi shawara ya zo. Ya taho da littafin rubutu mai kauri da fitila mai caji, ya kuma zo da wuri don bencin gaba ba ya daɗewa.