Burodin Italiyawan Bronx da yadda nake haɗa nawa a gida

Yaya, ina gaisuwa, da fatan Inna da yara suna nan lafiya. Kin tambaye ni me yaran nan ke tafiya da shi makaranta tunda ba sa cin naman can. To, burodin Italiyawa ne, amma haɗin hannuna.

A nan Bronx, cikin birnin New York, inda 'yan Ghana da 'yan Nijar suka yi yawa har kina jin Hausa a ƙofar masallaci, akwai wani titi, Arthur Avenue. Unguwar Italiyawa ce tun zamanin da kakanninsu suka yi ta kwararowa Amurka, mutum wajen miliyan 4 tsakanin 1880 da 1920. A kan titin akwai rufaffiyar kasuwa da aka buɗe a 1940 don masu talla a amalanke su bar bakin hanya. A irin kantunan nan ake sayar da dogon burodi da aka tsaga aka cika da nama kala biyu ko uku, da cuku, latas, tumatir, albasa, man zaitun da ruwan khal.

Gaskiya tsarin cinikinsu ya burge ni. Naman yana jere cikin firij mai gilashi, kowanne da sunansa da kuɗin fam ɗaya, wato giram 454. Mai kanti zai ɗora dunƙulen a kan injin yanka, ya fitar da yanka ɗaya, ya ɗaga miki a kan takarda ya ce, haka ya yi ko a ƙara siranta shi? Sai kin amince zai ci gaba. Fuskar sikelin tana kallonki, kina ganin nauyi da kuɗi suna hawa tare, a ƙarshe ya liƙa takardar farashi a jikin ƙunshin. Ba taya, ba albarka. Na so a ce mahautanmu sun riƙi sikeli haka, maimakon kashi-kashin da ake yi da ido. Sai dai nan ba gyara, ba kuma wanda zai ce ki tafi da shi kya kawo kuɗin ranar Juma'a.

Abin da ya hana ni sayen haɗaɗɗen shi ne kusan duk naman alade ne. Prosciutto cinyar alade ce da aka yi wa gishiri aka rataye, na garin Parma yakan haura shekara kafin a yanka. Mortadella ta Bologna alade ce, salami ma yawanci haka. Akwai bresaola ta kwarin Valtellina a arewacin Italiya, naman sa ne da aka shanya wata biyu zuwa uku, amma wa ya yanka san? Ko da talotalo kika nema, wuƙar injin da ta gama da alade ita za ta yanka miki. A nan na san darajar abin da muke da shi a Kano, inda za ki tsaya gaban mai balangu ko mai tsire ba tare da tambayar nan ta zo miki a rai ba.

Don haka na raba sayayyata. Burodi da man zaitun da barkono mai tsami na kwalba a wurin Italiyawa, nama kuwa wurin mahaucin halal. Cuku nakan ɗauki provolone ko mozzarella a rufaffiyar leda, in karanta jikinta, domin wani cukun da sinadarin tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da madararsa. Ina zaɓar wanda aka rubuta ba na dabba ba ne. Rubuta jerin abubuwan da aka haɗa kaya da su a jikin leda dole ne a dokarsu, kuma rahama ne ga irinmu.

Naman nakan sayi tsoka zalla, in shafe ta da gishiri, tafarnuwa da masoro, in gasa, sannan ta kwana a firij. Kada ki yanka da zafinsa, dagargajewa zai yi. Da safe, da kaifaffiyar wuƙa, sai in fere shi siriri iya iyawata, don daɗin abin yana cikin sirantar. In tsaga burodin ba tare da na raba shi biyu ba, in ɗan ƙwaƙule tsokar cikinsa, in zuba man zaitun. Cuku ne ke fara kwanciya don ya tare danshi. Naman kuma ba shimfiɗa shi ake yi ba, naɗe kowane yanka ake yi sakwa-sakwa. Sai tumatir da aka barbaɗa wa gishiri, albasa siririya da na jiƙa a ruwan sanyi don zafinta ya ragu, latas yankakke ƙanana, busasshen ganyen oregano da 'yar khal. In babu khal lemon tsami ya wadatar. In naɗe shi tamau a takarda, ya ɗan zauna man ya ratsa.

In za ki gwada, burodinmu mai laushi da sukari ba zai yi ba, jagwaɓewa zai yi. Dogon burodi mai ɓawo irin na Maraɗi da Damagaram shi ne daidai, in kuma bai samu ba, gurasar Jakara ta fi kusa da wani faffaɗan burodinsu mai suna focaccia. Tumatir kuwa kin fi ni sa'a. Na nan a lokacin sanyi ja ne kawai, ba ɗanɗano, bai kama ƙafar na Kadawa ba.

Yaran sun fi so in barbaɗa musu yajin ƙuli a kan naman, nawa kuma ya kusa ƙarewa. In kin samu mai zuwa ki ba shi, ya kuma nuna shi a filin jirgi. Kilishi dai kada ki ba kowa ya riƙo mini, jami'an kwastan na nan ba sa barin nama ya shigo, har tara sukan ci wanda ya ɓoye.