Gargaɗi ga masu fatsa a Garwa da Lagdo kan mai sayar da kitsattsen zare a Facebook

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu fatsa, na bakin Binuwai da na tafkin Lagdo, har da na Maga da Kuseri idan wannan rubutu ya iso gare ku. Akwai wani mutum da ke tallar kitsattsen zaren fatsa, wanda masu Faransanci ke kira tresse, a Facebook da WhatsApp. Ya cuce mu mu goma sha ɗaya, sefa 144,000, kuma ta hannuna kuɗin suka bi. Shi ya sa na ga nauyin faɗa a kaina yake. Ban sa sunansa ba domin sunan ba zai amfane ku da komai ba. A cikin wata huɗu na ga ya sauya sunan shafinsa sau uku, lambar waya ma haka. Abin da ba ya sauyawa shi ne yadda yake ɗana tarkonsa, kuma shi nake so ku gane.

Ni ba a gidan masunta aka haife ni ba. Sana'ata gyaran babur, fatsa kuwa kawuna ne ya koya mini tun ina yaro, da sanda da zaren nailon da tana. Shekara huɗu da suka wuce na sayi sanda mai injin naɗi, na fara jifa da jigi, wato ƙugiyar nan mai kan dalma da ake sa wa kifin roba a jiki. Ƙanana nake amfani da su, daga giram 5 zuwa 14. Duk wanda ya gwada ya san damuwar: abin ba shi da nauyi, idan zarenka mai kauri ne ba zai yi nisa ba, iska ta riƙe shi, ya faɗo kusa da ƙafarka. Nailon kuma yana da talewa, yakan miƙe kashi 20 cikin ɗari ko fiye kafin ya tsinke, don haka idan jigi ya taɓa ƙasa ko kifi ya ɗan lasa daga nesa, kafin labarin ya iso hannunka ya mutu a hanya. Kitsattsen zare ba ya miƙewa sai ɗan kaɗan. Dutse, yashi, itace, bakin kifi, duk kana jin bambancinsu a tafin hannu. Wanda ya ɗanɗana wannan ba ya son komawa baya, amma a kasuwannin Garwa samun na kirki sai an sha wuya. Wannan buƙatar tamu ce mutumin ya hango.

Ya fara ne da bidiyo. Kwalaye masu ƙyalli jere a kan tebur, rubutun Japananci a jiki, wani yana jan zare da hannu biyu yana nuna ba ya tsinkewa. Ya ce yana Duwala, kaya daga jirgin ruwa yake saukewa kai tsaye, shi ya sa farashinsa ke ƙasa. Na yi masa magana, ya amsa da Hausa mai kyau, da sallama, da tambayar iyali. Ya ce: "Malam, kada ka sayi da yawa. Ɗauki ɗaya ka gwada tukuna, ni ba na son cin haƙƙin kowa." Wannan maganar ce ta kwantar mini da hankali.

Na tura sefa 7,000. Bayan kwana biyar kaya ya iso ta ajans, wato kamfanin motocin sufuri, kwarkwaro ɗaya mai mita 150. Kuma wallahi zaren na gaske ne. Siriri, mai santsi, sili takwas, yana fita daga zobban sanda ba ƙara. Na yi wata biyu ina aiki da shi a ƙasan madatsar Lagdo, na kama tsage, na kama giwan ruwa mai kilo shida da wani abu. Abokai suka gani, kowa ya ce a ina na samu. Ni da bakina na yabe shi, ni na ba da shaidarsa. Yanzu na fahimci cewa wancan kwarkwaron na farko shi ne tanar da ya sa a ƙugiya. Ya yarda ya yi asara a kan ɗaya domin ya san zan jawo masa goma.

Da ya ji muna da yawa, sai ya ce sabon kaya ya sauka, mita 300 a kan sefa 6,000 idan za mu ɗauki sama da ashirin, amma sai mun yi sauri domin 'yan Injamena suna jira. Tsawo ya ninka, kuɗi ya ragu. A nan ya kamata in tsaya in yi lissafi, ban tsaya ba. Muka haɗa kuɗin guda 24. Rabi muka tura ta waya, ya turo hoton rasit na ajans, muka cika sauran kafin mu ga kaya da idonmu. A cikin masu kuɗin akwai wani dattijo, masunci na asali, wanda da koma da mamari ya tashi, bai taɓa riƙe sanda mai inji ba. Ɗansa ne ya roƙe shi, ya sayar da kifin kwana uku ya ba ni sefa 12,000. Ya ce: "Ɗana, ni ban san mutumin ba, kai na sani." Har yau idan na tuna wannan maganar sai in kasa cin abinci.

Kwalayen da suka zo sun fi na farko kyau a ido. A jiki an rubuta kauri milimita 0.12, ƙarfi kilo 25. Ina roƙonku ku riƙe waɗannan lambobi biyu, domin a nan ƙaryar take a fili, da mun san karatunta.

Zaren gaske ana yin sa ne da wani irin silin roba mai ƙarfin gaske, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Dyneema da Spectra. Kamfanonin Japan suna auna kaurinsa da lamba, shi ne PE ɗin da kuke gani a kwali. PE 1 yana kusan milimita 0.165, kuma mai kyau yana ɗaukar kilo 7 zuwa 9. PE 0.6 yana kusan milimita 0.13, ƙarfinsa wajen kilo 5 zuwa 6. PE 2 kusan milimita 0.235 ne, shi ne ke kaiwa kilo goma sha wani abu. To zaren da bai kai kaurin PE 0.6 ba, yaya za a yi ya ɗauki kilo 25? Ko manyan kamfanonin da suka ƙirƙiro abin ba su yi wannan iƙirarin ba. Ko dai zaren ya fi abin da aka rubuta kauri nesa ba kusa ba, ko kuma bai kai rabin ƙarfin ba. Namu ya haɗa duka biyun. Akwai kuma wata dabara da suke yi, su rubuta lamba babba da lb a gefe, wato fam na Turawa, mai saye ya ɗauka kilo ne. Fam ɗaya bai kai rabin kilo ba, giram 454 ne. Idan ka ga 20 lb, kilo tara ake nufi.

Ranar farko da na fita da shi, tun a naɗi na ji yana da kaushi kamar zaren ɗinkin buhu. A jifa yana kuka a cikin zobba, nisan da nake kaiwa da jigi mai giram 7 ya ragu ƙwarai. Kafin azahar ya sha ruwa ya yi nauyi, ya fara tashin gashi. Iskar hunturu na kaɗawa, sai ƙulli bayan ƙulli. Can wajen la'asar wani kifi ya ɗauka kusa da itatuwan nan da ruwa ya cinye tun da aka gama madatsar a 1982, na ɗaga sanda, zare ya tsinke a tsakiya, ba a ƙulli ba, ba a kan dutse ba. Kifi ya tafi da ƙugiya a baki da zare yana ja a baya. Wannan ma ya dame ni, domin ko bai mutu ba an bar shi da azaba a banza.

Da dare waya ta fara ƙara. Kowa da irin labarinsa.

Washegari muka taru a garejina muka buɗe sabon kwarkwaro. Wani magini a cikinmu ya kawo tef ɗin awo, muka kafa ƙusa biyu a tazarar mita goma, muka yi ta zagayawa. Zare ya ƙare a mita 110. A ƙarƙashinsa an naɗe tsohon nailon mai kauri don kwarkwaron ya cika ido. Muka buɗe na biyu, mita 95. Muka warware bakin zaren da allura, sili huɗu muka ƙirga, alhali an rubuta takwas da manyan baƙaƙe. Sili huɗu ba laifi ba ne a karan kansa, akwai na gaske masu huɗu, sun ma fi jure gogar dutse, sai dai sun fi kaushi da ƙara, kuma sun fi araha. Laifin shi ne a sayar maka da huɗu da sunan takwas.

Gwajin da ya fi buɗe mana ido shi ne na ruwa, kuma kowa zai iya yinsa a gida. Silin gaske ya fi ruwa sauƙi kaɗan, saboda haka yana tasowa sama. Ka yanki guntu kamar tsawon yatsa, ka sa a kofin ruwa, ka ɗiga ɗan sabulu don kada ya maƙale a fatar ruwan, ka danna shi ƙasa da tsinke ka saki. Ragowar zarena na farko ya taso. Sabon ya kwanta a gindin kofi, domin da zaren tufafi irin na foliyesta aka kitsa shi, shi kuwa ya fi ruwa nauyi. Muka kuma kusantar da ashana: na gaske ya narke nan take yana warin kyandir, na jabun ya yi baƙin hayaƙi ya bar dunƙule mai tauri. Sai dai kada ku tsaya a nan, domin akwai jabun da aka yi da silin roba mara kyau, shi ma zai taso. Kuma kada ku yanke hukunci da zubar launi kaɗai. Na gaske ma yana kodewa a hankali, don silinsa ba ya riƙe rini sosai. Wanda dai ya rina maka yatsa tun ranar farko, ka sa masa ido.

Abin da ba ya ƙarya shi ne jarka. Lita ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne. Ka naɗe bakin zaren sau goma a jikin ƙarfe mai santsi, ɗaya bakin ka naɗe a hannun jarka haka nan, don ƙulli yana rage ƙarfin kowane zare. Ka rataye, ka riƙa zuba ruwa lita-lita. Kada ka kuskura ka naɗe shi a hannunka, yana yanka nama kamar reza. Namu mai kilo 25 ya tsinke a lita huɗu da rabi.

Na kira mutumin. Da farko ya ce ba mu iya ƙulli ba ne, mutanen Arewa ba su saba da irin wannan kaya ba. Na tura masa hoton tef da na kofi. Ya ce zai bincika da yaransa, wataƙila an yi musanya a sito, in ba shi kwana uku. A rana ta biyu ya cire ni daga rukunin WhatsApp, lambar ta daina shiga, shafin ya ɓace. Bayan mako uku ƙanena ya nuna mini shi da sabon suna, bidiyon nan dai, teburin nan dai, har da hoton giwan ruwan da ni na tura masa, yana cewa kwastomansa ne na Garwa. Da hotona yake farautar wasu yanzu. Idan kun ga mutum da jar riga riƙe da kifi a bakin madatsa a wata tallar zare, ni ne, kuma ban yarda a yi amfani da shi ba.

Mun kai ƙara wurin jandarma da rasit da saƙonnin tura kuɗi da kwalayen. Duk wanda irin wannan ta same shi, kada ya goge hirar, kada ya jefar da kwali. Ya ɗauki hoton komai, ya kai, domin ƙara ɗaya ba ta kai goma nauyi ba.

Ba cewa nake a daina sayen kaya ta waya ba. Mu da ke nesa da Duwala da Yawunde ba mu da zaɓi da yawa. Amma duk wanda ya ce sai ka cika kuɗi kafin ka buɗe kwali, ka bar masa kayansa. Idan kuna haɗa kuɗi ku da yawa, a samu ɗan'uwa a can garin ya je da ƙafarsa, ya zaɓi kwarkwaro da hannunsa daga cikin waɗanda za a turo, ba wanda mai kaya ya miƙo masa ba, ya gwada a gabansa. Samfurin farko ba shaida ba ne a kan na biyu. Sannan ku duba farashin irin zaren a shagunan Turai a intanet, ku buga da 656, tunda haka yuro yake a sefa. Idan na hannun mutumin bai kai sulusin wannan ba, bayan kuɗin jirgi da kwastan, ku tambayi kanku wa ya biya masa sauran.

Ga masu ƙananan jigi irin nawa, ba ku ma buƙatar waɗannan manyan lambobi da ake ruɗar mu da su. PE 0.8 zuwa 1 ya isa a buɗaɗɗen ruwa, a ɗaga zuwa 1.5 inda itace da duwatsu suka yi yawa, kuma mita 150 na gaske ya wadatar. A fara naɗa ɗan nailon a gindin inji don kada zaren ya riƙa zamewa, a ƙulla guntun fulorokabon, wani zare mai kama da nailon, kamar mita ɗaya a gaba saboda goga, inda tsage yake kuwa sai an ƙara 'yar wayar ƙarfe, haƙoransa ba sa barin zare.

Kuɗin dattijon nan na mayar masa daga aljihuna ranar Juma'ar da ta wuce. Ya ƙi karɓa har sau biyu, sai da na haɗa shi da Allah. Sauran tara ina biyansu kaɗan-kaɗan daga abin da gareji ya kawo, wasu sun ce sun yafe. Kwalayen da suka rage suna nan wurina a Yelwa, na ajiye su tare da ragowar zaren gaske. Duk mai son ya taɓa biyun da hannunsa kafin ya tura wa wani kuɗi, ya zo bayan la'asar, kofi da jarka suna nan. Don Allah ku tura wannan ga 'yan'uwanmu na Maga da Kuseri, domin a sabon shafinsa can ya ce yana kai kaya a wannan watan.