Sharhi: Nutso Kan Tsohon Jirgin Ruwa a Scapa Flow

Mu da muka tashi a Jos muna ganin mun san sanyi, tunda a Disamba sai an ɗumama ruwan alwala kafin a fita sallar asuba. Sanyin tekun Orkney da ke arewacin Sukotland ya wuce wannan nesa ba kusa ba, kuma na ɗanɗana shi ranar da na biya wani kamfanin koyar da nutso domin ya kai ni ƙarƙashin ruwa a Scapa Flow, wani faffaɗan yankin teku da tsibiran Orkney suka kewaye.

Daga gaɓa muka shiga da ƙafa, a gefen shingayen Churchill, wato gine-ginen dutse da kankare da suka haɗa wasu tsibiran wurin, inda zurfin bai kai mita goma ba. Kafin a ɗaura mini tukunyar iska, malaminmu ya zaunar da mu ya bayyana cewa da gangan aka nutsar da tsofaffin jiragen ruwan da ke kwance a wurin domin toshe wa abokan gaba mashigai, amma duk da haka jirgin Jamus na ƙarƙashin ruwa, U-47, ya sulale ta gefensu a Oktoban 1939 ya nutsar da jirgin yaƙin Birtaniya, HMS Royal Oak, aka rasa rayuka fiye da 800. Wannan bayani ya sa na sauka da nauyin zuciya, kuma na yaba da shi ƙwarai.

Rigar da ba ta barin ruwa ya taɓa jiki ta yi aikinta. Malamin bai gaji da maimaita mini yadda zan toshe hanci in busa a hankali don kunne ya daidaita ba, ya kuma gargaɗe ni cewa ɗaga babban yatsa a cikin ruwa na nufin a hau sama. Da ƙarfen jirgin ya bayyana a cikin koren ruwa, tsatsa ta cinye haƙarƙarinsa, ciyawar teku na kaɗawa a kansa, kaguwa na fakewa a ramukansa, sai na ji numfashina ya lafa.

Ƙorafina ɗaya ne: safar hannun da aka ba ni ta tsufa, kuma kafin minti talatin yatsuna sun sandare har na kasa kwance ɗamarar dalma mai ƙara wa mai nutso nauyi da kaina. Kamfanin da ke karɓar kuɗi mai yawa haka bai kamata ya yi sakaci da wannan ba.

Wanda zai je daga gida ya fara ƙware a iyo tukuna, ya zaɓi Yuli ko Agusta, sannan ya duba safar hannunsa da idonsa kafin ya taka ruwa.