Kiɗa a bit 16, murya a bit 24: a bar su haka ko a mayar da su iri ɗaya?

Ɗan'uwa, ka ce an turo maka kiɗa a fayil ɗin WAV mai bit 16, kai kuma ka ɗauki muryar mawaƙi da ta 'yan amshi a bit 24. Kana tambaya ko ka haɗa su haka nan, ko sai ka fara mayar da su iri ɗaya.

Ka haɗa su yadda suke, ba abin da zai lalace.

Yawan bit shi ne yake nuna tazarar da ke tsakanin sauti mafi ƙarfi da fayil zai iya ɗauka da kuma ƙarar "shuuu" da ke can ƙasa. Kowane bit ɗaya yana ba da kimanin dB 6 (dB shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Saboda haka bit 16, mai matakai 65,536, yana ba da kusan dB 96. Bit 24 kuwa, mai matakai sama da miliyan 16, yana ba da dB 144 a lissafi, kodayake babu saun kad (na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta) da ke kaiwa nan. Masu kyau ma wajen 110 zuwa 120 suke tsayawa. Yawan bit ba ya taɓa saurin waƙa, ba ya taɓa kaifin murya ko kaurinta.

Abin da ya sa haɗin ba ya kawo matsala shi ne, manhajojin yanzu ba sa yin lissafi a bit 16 ko 24. Da zarar sauti ya shiga miksa, inda ake haɗa sautuka, FL Studio na sarrafa shi a bit 32 fulot (tsarin lissafi mai tazara mai faɗi ƙwarai), Reaper a 64, Cubase kuma yana ba ka zaɓi tsakanin biyun. Kowane fayil, ko da wane bit ya zo, a nan ake ɗaga shi, kuma ba ya asarar komai. Tsoron da mutane ke yi gadon tsofaffin manhajoji ne. Pro Tools, alal misali, sai a fitowa ta 10, a 2011, ya fara yarda a haɗa fayiloli masu bit daban-daban a aiki ɗaya.

To, mu jera hanyoyin.

In ka bar su: kiɗan na nan da ingancinsa, muryar ma haka, ba ka ɓata lokaci ba.

In ka ɗaga kiɗan zuwa bit 24: ba ka cuce shi ba, ba ka kuma ƙara masa komai ba. Sifiri takwas kawai manhajar ke liƙawa a ƙarshen kowane samfuri (kowane awo ɗaya na sautin da ke cikin fayil). Mudun gero ko a buhu ka juye shi, mudu ɗaya ne. Nauyi kaɗai ke ƙaruwa: minti ɗaya na sitiriyo a 44.1 kHz (samfuri 44,100 a sakan) zai tashi daga kusan megabait 10 da rabi zuwa kusan 16. In kana so ka tabbatar, ɗora na asalin da wanda ka ɗaga a layi biyu, su fara a wuri ɗaya, ka juya fes ɗin ɗaya (wato ka kifar da igiyar sautinsa, sama ta koma ƙasa). Shiru za ka ji, domin abu ɗaya ne. Amfanin wannan hanya guda ɗaya ne: idan za ka miƙa aikin ga wani sutudiyo da ya ce komai ya zo iri ɗaya.

In ka sauke muryar zuwa bit 16 don ta dace da kiɗan: wannan ce hanyar da nake roƙonka kada ka bi. Ita kaɗai ce ake yin asara a cikinta, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa. Kiɗan da aka turo maka galibi an riga an matse shi, ƙarfinsa na dab da sifirin mita (0 dB, iyakar ƙarfin da fayil ke ɗauka), yana cin moriyar kusan duka bit 16 ɗinsa. Murya ba haka take ba. Idan ka ɗauke ta kololuwarta na tsayawa wajen −18 dB, ka bar bit uku a sama ke nan. A bit 24 saura 21, sun ishe ka har da ragi. A bit 16 saura 13, wato kimanin dB 78. Sai ka zo ka sa kwamfiresa (mai daidaita ƙarfin murya), ka ɗaga saman murya da EQ (mai ɗaga ko rage sassan amo), ka ƙara mata ƙarfi. Duk wani ɗagawa da ka yi, har da dattin ƙasan kake ɗagowa, kuma a wurin da mawaƙi ya sassauta murya ko ƙarshen kalma yake shuɗewa ake fara jin ɗan ƙaiƙayi. Gaskiya ne a ɗakunanmu da yawa ƙarar janareta da ta fanka sun fi wannan damuwa, amma hakan ba hujja ba ce ta ƙara wani datti da hannunka.

Abin da ya kamata ka duba da gaske shi ne yawan samfuri a sakan. Nan ne ake shan wahala, a ɗora wa bit laifi. Idan kiɗan 44.1 kHz ne, aikinka kuma 48, aka shigar da shi ba tare da an canza ba, zai yi gudu da kusan kashi 9 cikin ɗari, amonsa ya hau kusan samiton (tazarar maɓalli ɗaya zuwa na kusa da shi a fiyano) ɗaya da rabi. Waƙar minti huɗu za ta ƙare a minti uku da sakan 40. Wasu manhajojin na gyara wannan da kansu, Cubase kuwa yana tambayarka lokacin shigar da fayil. Amince da canjin samfurin; na bit kana iya ƙyale shi. Idan waƙar ta fim ce, fara aikin a 48 tun farko.

Sai fitarwa. Ga mai yin mastarin, wato gyaran ƙarshe na waƙa, ba shi bit 24 ko 32 fulot, ka bar masa sarari a sama, kada mitar fita ta taɓa ja. Fulot na jure wuce sifiri a cikin manhaja, amma fayil mai bit 16 ko 24 datse kan sautin zai yi, ka ji waƙa na fashewa. Idan aka ce ka kawo bit 16 a 44.1, irin na faifan CD, kunna dita. Ita ɗan siririn ƙara ce da ake zubawa da gangan don ta rufe ƙaiƙayin da yanke bit ke haifarwa. Sau ɗaya ake sa ta, a matakin ƙarshe, bayan limita (mai hana sauti wuce iyaka).

Ka kuma bincika ko kiɗan WAV ne tun asali. Wasu na ɗaukar MP3 su mayar da shi WAV su turo. Buɗe shi a manhajar da ke nuna hoton amo: idan saman ya yanke ƙat a wajen 16 kHz, alama ce mai ƙarfi cewa daga MP3 mara nauyi ya fito. Koma wurin mai kiɗan ya fitar maka da sabo daga aikinsa na asali, ya turo ta Google Drive ko a matsayin dokumen, don kada a rage masa inganci a hanya.